Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙunshiya Ta Ce Shafi Na 23, Babin Kuma Yana Shafi Na 26

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: lambobin shafi da ke cikin ƙunshiya, wato jerin babi-babi da ake sawa a farkon kundi ko rahoto, sun ƙi dacewa da ainihin inda babin yake. Da yake yawancin kwamfutocin shagunanmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena da Faransanci suke, za mu kawo sunayen maɓallai yadda suke a allo, don a same su ba tare da lalube ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗaliba ce a Ngaundere, ina rubuta kundin kammala karatu a Google Docs. Na sa ƙunshiya tun farko, komai daidai. Da malamina ya dawo mini da gyara, na ƙara wasu shafuka, sai na ga ƙunshiya na cewa babi na biyu yana shafi na 23, alhali yana na 26. Na goge lambobin na rubuta da hannu, kwana biyu suka sake saɓawa. Ranar kare kundi ta matso. Mene ne mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Kwantar da hankalinki, wannan ba lalacewar fayil ba ce.

Abin da ya kamata ki fara sani shi ne ƙunshiya ba ta bin rubutu da kanta. Ranar da kika sa ta, manhajar ta zagaya kundin, ta ga inda kowane take ya faɗa, ta rubuta lambar. Daga nan ta tsaya cak. Ko shafi goma kika ƙara a babi na farko, ba za ta motsa ba sai kin ce mata ta sake dubawa. A Google Docs, danna ko'ina cikin ƙunshiyar. Wata 'yar kibiya mai zagaye za ta fito a gefen hagu daga sama. Danna ta, lambobin su sabunta. Wanda ke aiki da Word na intanet ya shiga "Références" ya nemi maɓallin sabunta ƙunshiya. A Word na kwamfuta, idan aka danna "Mettre à jour la table", zaɓi biyu ne ke fitowa: a sabunta lambobi kawai, ko a sabunta teburin gaba ɗaya. In an canza ko da kalma ɗaya a wani take, ko an ƙara sabon sashe, na biyun za a ɗauka, don na farkon ba ya taɓa rubutu.

Rubuta lamba da hannu kuwa, ki daina. Ranar da aka danna kibiyar nan, duk abin da kika rubuta zai shafe, kuma kafin ranar kina zaune da lambobin da ba wanda ya tabbatar da su. Wahala ce biyu.

Bayan kin sabunta, ki ƙara dannawa sau ɗaya. Dalili: idan ƙunshiyar da ke cin shafi ɗaya ta tsawaita ta shiga na biyu, ta tura duk abin da ke bayanta gaba da shafi guda, lambobin da ta rubuta yanzun nan sun zama na da.

To, in kin yi haka har yanzu akwai saura, ga gwajin da ke nuna inda ciwon yake. Ɗauki take uku: ɗaya daga farkon kundi, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe. Rubuta a takarda lambar da ƙunshiya ta ba kowanne, da lambar da ke ƙasan shafin da yake. Idan tazarar iri ɗaya ce a duka ukun, misali ko'ina bakwai-bakwai, matsalar ta ƙirgen shafi ce, ki duba amsar ɗan uwanmu na Njamena a ƙasa. Idan tazarar na ƙaruwa, ɗaya a farko, biyu a tsakiya, huɗu a ƙarshe, shimfiɗar rubutun ce ta canza, amsar mai shago na Garwa ta shafe ki. Idan kuwa wasu taken sun ɓace daga ƙunshiyar, ko wani dogon sakin layi ya kutsa ciki, to salon take ne bai zauna ba, kuma wannan ne ya fi yawa a kundin ɗalibai.

Manhaja ba ta gane take da ido. Ki ƙara wa layi girma zuwa 16, ki kaurara shi, ki sa shi tsakiya, a wurinta har yanzu rubutu ne gama-gari. Sai kin sa linzami a layin, kin buɗe akwatin da ke sama mai rubutun "Texte normal", kin zaɓi "Titre 1" don taken babi, "Titre 2" don sashe, "Titre 3" don ƙaramin sashe. Ki lura, akwai wani salo mai suna "Titre" kawai, ba lamba. Na sunan kundi ne, ba ya shiga ƙunshiya. Mutane da yawa a nan suke zamewa. Kuma in kin ji ana cewa a danna Ctrl da Alt da lamba don saurin sa take, ki sani a allon rubutu irin na Faransa haɗin nan yakan fitar da alama kamar # maimakon abin da ake so. Bi ta akwatin, ya fi tabbas.

Dogon sakin layin da ya shiga ƙunshiya kuma, salon take ne ya zubo masa. Je wurinsa cikin kundin, ki mayar da shi "Texte normal". Haka layin da ba komai a cikinsa amma yana ɗauke da salon take: yana iya haifar da ɗigo-ɗigo da lamba ba tare da rubutu ba. Goge shi a cikin kundi, sannan ki sabunta. Gyaran ƙunshiya a jikin kundi ake yinsa, ba a cikin ƙunshiyar ba.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Ina da shagon buga takardu a Garwa. Yara na kawo mini aikinsu a waya ko a filash, sun sauke shi daga Google Docs. Su rantse a wurinsu daidai yake, amma da na buɗe a Word na buga, lambobin sun goce. Har an taɓa ɗinke kwafi uku kafin a lura, aka yi ta ja-in-ja kan wanda zai biya. Wani lokacin ma wani rubutu na kuskure ke fitowa a madadin lamba. Laifin na'urata ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Na'urarka lafiyarta lau, yaran ma ba ƙarya suke yi ba. Fayil irin na Word ba ya ɗauke da shafuka a daskare. Rubutu ne da umarni: takarda kaza, haruffa kaza, tazara kaza. Kowace manhaja da ta buɗe shi, ita ke sake shimfiɗa shi da nata ma'aunin. Google Docs da nasa, Word na intanet da nasa, Word na kwamfuta da nasa, LibreOffice da WPS ma haka. Bambancin kalma ɗaya a ƙarshen layi yana zama layi, layi ya zama sakin layi, kafin a kai babi na huɗu an yi shafi.

Abu na farko da za ka duba, girman takarda. Mu A4 muke bugawa, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Amma fayiloli da yawa suna zuwa da ma'aunin Amurka, faɗi 21.59, tsawo 27.94, mai shi bai ma sani ba. A4 ta fi tsawo da santimita 1.76. Da haruffa masu girman 12 da tazarar layi ɗaya da rabi, wannan layi biyu ne a kowane shafi. Ta kuma fi siranta da ɗan fiye da rabin santimita, don haka layukan ma a wani wuri daban suke karyewa. Kundi mai shafi 60 yana iya motsawa da shafi biyu a kan wannan kaɗai. A Google Docs ana gyara shi a "Fichier", sannan "Configuration de la page". A Word kuma a "Mise en page", sannan "Taille". A "Configuration de la page" da "Mise en page" ɗin ne kuma ake daidaita gefen takarda yadda makarantar ta nema.

Na biyu, samfurin haruffa. Idan yaro ya zaɓi wani samfuri mai ƙayatarwa da ke Google Docs amma babu shi a kwamfutarka, Word na iya musanya shi da wani ba tare da ya yi maka magana ba, kuma faɗin haruffan ba ɗaya ba ne. Shawararmu a tsaya a kan Times New Roman ko Arial. Ko a kwamfutar da babu su, LibreOffice na da Liberation Serif da Liberation Sans, waɗanda aka ƙera su da faɗi daidai da na waɗancan, don haka layi ba ya gocewa. Masu rubutu da Hausa ko Fulatanci su ƙara kula: samfurin da ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ko ŋ yakan aro su daga wani samfurin, harafin ya fito bare a tsakiyar kalma, wani lokaci har ya ɗaga tsayin layin.

Na uku shi ne ya fi ɓarna, kuma shi ne ya fi ci mana rai, don sauƙin kauce masa. Yaro ya gama babi a tsakiyar shafi, yana son sabon babi ya fara a sabon shafi, sai ya yi ta danna "Entrée" sau goma sha biyar har taken ya gangara. A kwamfutarsa ya zauna. A taka, da layi biyu suka ƙaru, taken ya faɗo tsakiyar shafi, ko shafi fari fat ya ɓullo tsakanin babi biyu. Danna alamar ¶ da ke saman Word, za ka ga jerin alamomin sun yi layi kamar tururuwa. Goge su duka, ka sa linzami gaban taken, ka danna Ctrl da "Entrée" tare. Wannan shi ne yanke shafi na gaskiya, yana aiki a Word da Google Docs. Wanda ya fi wannan ma: a Word ka gyara salon "Titre 1" kansa, a "Paragraphe", sashen "Enchaînements", ka sa alama a "Saut de page avant". Daga nan kowane babi da kansa zai fara a sabon shafi. A wurin ne kuma "Paragraphes solidaires" yake, mai hana take ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi alhali bayaninsa ya tsallaka.

Rubutun kuskuren da ka ambata, "Erreur ! Signet non défini." ne. Word na dasa wata ɓoyayyiyar alama a kan kowane take, ƙunshiya kuma da ita take gano shafi. In an goge taken aka sake rubuta shi, ko an kwafo ƙunshiya daga kundin wani aka manna, alamar ta tafi. Sau da yawa ba a ganin saƙon sai lokacin bugu, saboda Word kan sabunta irin waɗannan wurare kafin ya tura wa firinta. Sabunta teburin gaba ɗaya yana maganinsa. In ya ƙi, cire ƙunshiyar ɗungurungum ka sa sabuwa. Idan sabuwar ta ce ba ta sami komai ba, ka san ba a sa salon take ko ɗaya a kundin ba.

Amma ga abin da zai raba ka da rigima a shago. Ka kafa doka: ba ka buga kundi sai daga PDF. Mai aiki ya gama gyaransa a manhajar da ya yi rubutun, ya sabunta ƙunshiya, in Google Docs ne ya shiga "Fichier", "Télécharger", ya zaɓi PDF. Shi PDF shafukansa a daskare suke, yadda ya fita daga hannunsa haka zai fito a takardarka. Ya buɗe shi a gabanka, ku gwada take uku tare, sannan ka buga a ainihin girmansa. In dole sai an yi gyara a kwamfutarka, to daga lokacin ta zama gidan fayil ɗin: a nan za a sabunta, a nan za a fitar da PDF, kada a sake mayar da shi intanet a dawo. Kuma ka fara buga shafukan ƙunshiya da shafi biyu-uku daga tsakiya kafin ka saki sauran. Takarda huɗu ba ta kai kwafi uku ɗinkakku ciwo ba.

Tambaya: Salam. Daga Njamena nake rubutowa. An ce mana shafukan farko, sadaukarwa da godiya da sauransu, su ɗauki lambobin Romawa, gabatarwa kuma ta fara daga 1. Ni gabatarwata a shafi na 8 take fitowa, ƙunshiya ma 8 take nunawa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan uwa, ƙunshiyarka gaskiya ta faɗa. Tana ƙirgawa tun daga bango, ba wanda ya ce mata ta sake farawa. Abin da kake buƙata shi ne ka raba kundin gida biyu, kuma yanke shafi na Ctrl da "Entrée" ba ya yin wannan. Yanke sashe ake so.

A Word na kwamfuta, sa linzami daidai gaban kalmar farko ta taken gabatarwa. Shiga "Mise en page", buɗe jerin yanke-yanke, a rukunin sashe ka zaɓi "Page suivante". In da akwai tsohon yanke shafi a wurin, cire shi, in ba haka ba shafi fari zai shiga tsakani. Yanzu danna sau biyu a gindin shafin gabatarwa. Za ka ga maɓallin "Lier au précédent" a kunne. Kashe shi, don abin da ka yi a nan kada ya shafi shafukan baya. Shiga "Numéro de page", "Format des numéros de page", zaɓi 1, 2, 3, a ƙasa ka sa alama a "À partir de" ka rubuta 1. Koma gindin shafin sadaukarwa, buɗe akwatin nan dai, ka zaɓi i, ii, iii. Bango ba ya ɗaukar lamba: alamar "Première page différente" ce ke ɓoye ta. Sai ka sabunta ƙunshiya, za ka ga godiya ta ɗauki lambar Romawa, gabatarwa ta ɗauki 1.

Wani tarko: in kundin na da yanke sashe da yawa, misali inda aka kwantar da shafi saboda faffaɗan tebur, kowane sashe na iya gadon umarnin "fara daga 1". Sai ka ga lamba ta kai 41 ta koma 1. Bi sassan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ke bayan gabatarwa ka sa shi ya ci gaba daga sashen da ya gabace shi.

A Google Docs ma akwai yanke sashe a "Insertion", ƙarƙashin "Saut", kuma akwatin lambobin shafi na ba ka damar cewa sashen ya fara daga 1. Abin da akwatin bai ba da ba shi ne lambobin Romawa. Don haka in makarantarku ta dage a kansu, yi rubutunka a intanet yadda ka saba, amma wannan aikin na ƙarshe ka sauke fayil ɗin ka yi shi a Word na kwamfuta ko LibreOffice, wanda kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet.

Kada kuma ka rikice in ka buɗe PDF ka ga manhajar karantawa na cewa kana shafi na 8 alhali gindin takardar ya ce 1. Ita ganye take ƙirgawa. Lambar da ke jikin shafi ita ce masu jarrabawa za su bi.

Tambaya: Mu huɗu ne ke rubuta rahoton ƙungiyarmu ta mata a Marwa, kowa daga gidanta. Ƙunshiyarmu ba lamba ko ɗaya, sai rubutu shuɗi. Da muka samu lambobin suka fito kuma, kowa abin da take gani daban.

Amsa: Hajiya, sannunku da ƙoƙari. Rubutu shuɗi alama ce an zaɓi ƙunshiya mai mahaɗa, wadda aka yi don karatu a allo. Cire ta ku sa mai lambobi daga "Insertion". In lambobin sun ƙi zuwa, ku duba "Configuration de la page": tun 2022 Google Docs na da tsarin "Sans pages", inda rubutu ke gangarawa ba yanka, kuma inda babu shafi babu lambarsa. Ku mayar da shi "Pages".

Saɓanin da ke tsakaninku kuwa, biyu ne sababinsa. Mai duba rahoton a waya, manhajar na lanƙwasa rubutun ya dace da ƙaramin allo, abin da take gani ba shimfiɗar takarda ba ce. Sannan gyare-gyaren da kuke ba juna a matsayin shawara, muddin ba a karɓa ko an ƙi ba, tsohon rubutun da aka ja wa layi yana nan yana cin wuri tare da sabon. Ku naɗa mutum ɗaya. Ranar rufewa kowa ta cire hannu, ita ta zauna a kwamfuta, ta karɓi gyaran da za a karɓa, ta watsar da sauran, ta jira duk hotuna su gama buɗewa, don hoton da bai sauko ba saboda raunin intanet yana iya ɓata lissafin, sannan ta sabunta ta fitar da PDF.

Tambaya: A makarantarmu a Kusseri ana son gajeren jeri a farko, cikakke kuma a ƙarshe. Na sabunta na farkon, na ƙarshen bai canza ba.

Amsa: Haka tsarin kundi yake a makarantun da ke bin Faransanci: "Sommaire" a gaba, "Table des matières" a baya. Tebur biyu ne masu zaman kansu, kowanne sai an taɓa shi. A Word na kwamfuta danna Ctrl da A don ka zaɓi kundin duka, sannan F9; zai tambaye ka a kan kowane tebur, har da jerin hotuna da na jadawali in da "Insérer une légende" aka yi musu suna. A wasu kwamfutocin hannu sai an haɗa da maɓallin Fn kafin F9 ya amsa. Don gajeren ya tsaya gajere, shiga "Table des matières personnalisée" ka rage matakan da zai nuna zuwa 1 ko 2, na ƙarshen ka bar shi a 3 ko 4. Lokacin sa na biyun Word zai tambaya ko ya maye gurbin na farko. Ka ce a'a.